Na Jingine Keke Wata Huɗu Saboda Sanyi, Yanzu Na Kasa Komawa

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a ƙasar da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara. Shekarata 44, aikin ofis nake yi, kuma tsakanin gidana da wurin aiki kilomita 9 ne. Na yi shekara biyu ina zuwa aiki a keke, har na daina jin nisan. Da sanyi ya kankama a watan Nuwamba sai na jingine keken a ɗakin ajiya na koma hawa bas, da niyyar sati biyu ko uku. Wasa-wasa sai ga wata huɗu. Litinin ɗin da ta wuce na fito da shi, na kakkaɓe ƙura na hau. Ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Tudun da a da ba na ma lura da shi sai da na sauka na tura. Na isa ofis a makare, sharkaf da gumi, na yi kwana biyu ba na iya zama daidai a kujera, ga gwiwar dama tana ciwo. Tun daga ranar, kullum da dare sai in ce gobe zan hau, da safe sai in tsinci kaina a tashar bas. Uwargida ta ce in sayar da shi tunda ya tare wuri. Wani abokin aikina da bai fasa hawa ba ko cikin ƙanƙara kuwa, dariya kawai yake yi mini. Girma ne ya zo, ko lalaci ne ya kama ni?

Ɗan'uwanku mai keke a jingine

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kada ka sayar da keken tukuna, kuma ka cire maganar girma daga ranka, don ba a tsufa a wata huɗu. Abin da ya same ka ranar Litinin ɗin nan shi ne ka haɗa wa kanka kaya uku a safiya ɗaya: jikin da ya daɗe yana hutu, keken da ya daɗe ba wanda ya taɓa shi, da lokacin shiga ofis da kake son cimmawa da irin saurin da kake yi a bara. Ko ɗaya a cikinsu ya isa ya ɓata wa mutum safiya. Kai kuwa ka ɗauke su gaba ɗaya, sannan ka zauna kana yanke wa kanka hukunci da abin da ya biyo baya.

Zan fara da keken, domin ina zargin rabin wuyar da ka sha daga gare shi take. Ka ce ka kakkaɓe ƙura ka hau, ban ji ka ambaci famfo ba. Robar cikin taya tana rage iska a hankali ko babu huji ko ɗaya a jikinta, iskar tana ratsa robar ne da kanta. Bayan wata huɗu, mawuyaci ne a ce ba ta zubar da kaso mai yawa ba. Matsa taya da babban yatsa kuma yaudara ce: tayar da ke da rabin iska takan yi tauri a hannu, sai ka hau nauyinka ya baje ta a kwalta. Irin wannan taya tana cinye ƙarfin ƙafa a kowane juyi, tana sa keke ya yi nauyi a kwana, kuma idan ka faɗa rami sai bakin wili ya cije robar ya huda ta wuri biyu. Ka duba gefen tayar, an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, ko da PSI ko da bar, wato ma'aunan ƙarfin iska. Ka sami famfo mai ma'auni ka bi abin da aka rubuta. Tunda kana durƙushe a wurin, ka juya tayar a hankali ka duba ko gefenta ya tsattsage, ko akwai tsinin gilashi da ya maƙale a jikinta tun bara.

Daga nan sai cen, wato sarƙar keken. A ƙasashen da ake ƙanƙara ana zuba gishiri a titi don ya narkar da ita, kuma idan ka yi hawan ƙarshe bayan an fara zubawa, ka jingine keken ba ka wanke ba, to gishirin nan ya yi wata huɗu yana aiki a kan ƙarfe. Ka jingine keken a bango, ka juya feda baya da hannu kana kallon inda cen yake lanƙwasa a wurin giyar baya. Idan akwai gaɓar da tsatsa ta ƙage, za ka ga ta yi ɗan tsalle duk lokacin da ta zo wucewa. Ka goge cen da tsumma har baƙin ya ragu, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka bari ya shiga na ɗan lokaci, sannan ka sake gogewa sosai. Man da ya rage a waje ba ya aikin komai sai kwasar yashi, yashin kuma shi ke cinye ƙarfe. Idan kana son sanin ko cen ya gama yayi, rula ta isa. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka idan ka ɗora sifili a tsakiyar wata ƙusa, a sabon cen alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce alamar da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta zarce da milimita 3, akwai yiwuwar ya riga ya cinye haƙoran giyar baya, sai an canza su tare.

Birki shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Ka ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka saurara, sannan ka yi wa ta baya haka. Ya kamata ta yi ta juyawa ba tsayawa. Idan ta yi juyi biyu ko uku ta tsaya, ko kana jin "shif, shif", birkin yana gogar wili, wato ka hau tudun nan ne da birki a riƙe ba ka sani ba. Wayar birki takan yi tsatsa a cikin bututunta ta ƙi sakewa bayan an matsa. Ka matse kowane birki da ƙarfi: bai kamata hannunsa ya kai ga taɓa mariƙin keke ba. Ka duba robar birkin, idan zanen da ke jikinta ya shafe ta ƙare. Idan kuma naka mai faifai ne, ka kiyaye kada ɗigon mai ko ɗaya ya taɓa faifan, don zai yi ta ƙara kuma ba zai kama ba. Daga ƙarshe ka ɗaga keken kaɗan daga ƙasa ka sake shi, duk abin da ya kwance zai yi ƙara ya tona kansa. Ka tabbatar notunan ƙafafun biyu a ɗaure suke. In kuwa ba ka da hannun gyara, ba abin kunya ba ne, ka kai wa mai gyara. Sai dai ka yi da wuri, domin da zarar rana ta fara fitowa kowa zai tuno da nasa a lokaci guda.

Yanzu jikinka. Gaskiya ne ka yi asarar wani abu, kuma an auna irin wannan asara. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Edward Coyle, da abokan aikinsa sun bi wasu 'yan gudu da 'yan tseren keke da suka yi shekaru suna atisaye, suka sa su daina gaba ɗaya na tsawon sati 12. A cikin sati uku na farko, yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita lokacin aiki mai tsanani ya ragu da kashi 7 cikin ɗari. Zuwa wata biyu ya ragu da kashi 16, daga nan ya tsaya. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne ƙananan hanyoyin jinin da atisaye ya haifar a cikin tsokar ƙafa ba su ɓace ba, suna nan har ƙarshen sati 12 ɗin. Kai ba ɗan tsere ba ne, don haka alƙaluman ba za su zo daidai da naka ba, amma yadda abin ke tafiya ɗaya ne. Babban dalilin hakin farko shi ne ruwan da ke cikin jini yakan ragu idan mutum ya daina motsa jiki, sai zuciya ta riƙa tura jini kaɗan a kowane bugu, dole ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Wannan ruwan kuma yana cikin abubuwan da suka fi saurin dawowa, cikin kwanaki kaɗan da komawa motsi yake fara ƙaruwa. Shi ya sa mutanen da suka koma keke sukan ce a sati na biyu ko na uku sun ji kamar an cire musu dutse daga ƙirji.

Tarkon yana nan ne daidai wannan lokacin. Zuciya da huhu suna riga gwiwa da jijiyoyi farfaɗowa. Sai mutum ya ji numfashi ya dawo, ya ɗauka komai ya dawo, ya sa giya mai nauyi ya danna tudu, gwiwa ta biya bashin. Ciwon da kake ji a gwiwar dama, idan a gaba yake, wajen ƙoƙon gwiwa, abu biyu ne suka fi kawo shi ga masu keke: sirdi ya yi ƙasa, ko ana taka giya mai nauyi a hankali. Sirdi yakan zame ƙasa kaɗan-kaɗan ba a lura ba, wani lokaci kuma wani ne a gida ya sauke shi ya ɗana, ko an sauke shi don keken ya shiga lungun ajiya. Ka gwada haka: ka zauna a sirdi kana dafe da bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai fedar can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Idan ciwon a bayan gwiwa yake, to sirdin ya yi sama. Kuma idan za ka gyara, ka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan, 'yan milimitoci a lokaci guda.

Maganar giya kuwa, na san akwai masu ganin sauka zuwa giya mai sauƙi kamar kasawa ce. Ban yarda da su ba. An sa giyar nan ne don a yi amfani da ita. Ka sauka tun kafin tudun ya kama ka, ka bar ƙafarka tana juyawa da sauri ba nauyi, kamar juyi 70 zuwa 90 a minti, ko da mai tafiya a ƙasa zai kusan jerawa da kai. Idan ma ta kai ka sauka ka tura a satin farko, ka tura, tudun ba zai kai ƙararka ko'ina ba. Kuma ka rufe gwiwarka da dogon wando muddin da sauran sanyi da safe.

Ciwon mazauni shi ne mafi saurin sa mutum ya fasa, kuma shi ne mafi saurin wucewa. Nauyinka yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu, kuma naman da ke kansu ya manta da sirdi. Maganinsa hawa gajere akai-akai, da hutun kwana ɗaya a tsakani, ba doguwar tafiya ɗaya a sati ba. Yawanci cikin sati biyu yake lafawa. Kada ciwon ya kai ka ga sayen ƙaton sirdi mai taushi kamar matashi, domin idan ƙasusuwan suka nutse a cikinsa sai soson ya taso ya danne inda bai kamata a danne ba. Ka guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, ka riƙa miƙewa a kan feda na 'yan daƙiƙu lokaci-lokaci. Abu ɗaya ne ba a jurewa: idan gabanka yana yin sanyi ko ka daina jinsa bayan hawa, wannan ba sabo zai gyara shi ba. Ka duba ko hancin sirdin ya ɗaga sama, ka daidaita shi ya kwanta, in bai daina ba ka canza sirdi.

To yaya za ka koma? Hawanka na gaba kada ya zama ranar aiki. Ka fita ranar hutu da hantsi, ba agogo a kanka, ka bi hanyar ofis ɗin har ka isa ko ka kai rabi ka juyo. A nan za ka ji ko gyaran ya yi, ka ga yadda hanya ta canza, ka kuma san minti nawa take ɗaukar ka a yanzu. Wannan lokacin ne za ka yi lissafi da shi, ka ƙara minti goma a kai. Daga nan ka fara da kwana biyu a sati, ba a jere ba. Bayan sati biyu ka mayar da su uku. Idan akwai amintaccen wurin ajiya a ofis, kana iya zuwa a keke ka dawo a bas, washegari ka je a bas ka dawo a keke.

Kada ka raina kwana biyun. Kilomita 9 a gudun kilomita 15 a awa minti 36 ne, zuwa da dawowa minti 72. Kwana biyu sun ba ka minti 144, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu na matsakaicin motsa jiki a sati shi ne minti 150 zuwa 300. Da kwana uku ka shige ciki sosai. Wannan lissafin yana nuna maka wani abu game da gumi ma. In ka dage ka yi gudun kilomita 18 a awa, minti 30 za ka yi. Minti shida ke nan ka tsira da su, kuma danja za ta cinye rabinsu. A kan minti shidan nan ne ka isa ofis sharkaf. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yin magana jimla guda ba tare da ka tsaya ka ja numfashi ba, ka yi sauri da yawa. Kilomita na ƙarshe kuma ka sassauta ƙwarai, ka buɗe zif, ka bar iska ta busar da kai kafin ka isa ƙofa.

Sauran gumin daga tufafi yake. Wanda ya yi wata huɗu yana tsayuwa a tashar bas ya saba da shigar mai tsayuwa, kuma na tabbata da ita ka hau keke. Mai keke yana fita ne da shigar da zai ɗan ji sanyi a minti goman farko, don jiki zai hura wutarsa. Riguna marasa kauri biyu ko uku da za ka iya buɗewa ko cirewa sun fi ƙatuwar riga ɗaya, ta waje ta zama mai tare iska. Inda ba a rowar rufi shi ne hannu da kunne, su ba sa ɗumi da tuƙi, kuma yatsun da suka ƙage ba sa matsa birki da kyau. Jakar goyo ma tana jiƙa baya ko a ranar sanyi. In kekenka yana da kariyar ɗaukar kaya, ka ɗora kayan a kanta. Ka kuma ajiye riga ɗaya ta canji a ofis.

Hanyar da ka bari a Nuwamba ba ita za ka tarar ba. Ruwa yana shiga tsagar kwalta, idan ya daskare sai ya kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari ya buɗa tsagar, ya narke, ya sake daskarewa, har wuri ya fashe. Shi ya sa ƙarshen hunturu ne lokacin sababbin ramuka, kuma wanda ruwa ya cika ba ka sanin zurfinsa. Yashi da tsakuwar da aka watsa saboda santsi sukan taru a gefen titi, daidai inda mai keke ke bi, musamman a kwana. Ka rage gudu kafin ka shiga kwanar, kada ka matse birkin gaba kana cikin karkata. Ko rana ta yi ɗumi, asuba takan zo da siririyar ƙanƙarar da ba a gani, kuma gada ita ce ke fara daskarewa saboda iska na bi ta samanta da ƙarƙashinta, sai wuraren da inuwa ba ta barinsu. Ga kuma rana da ke fitowa ƙasa-ƙasa tana dukan idon direbobi. Idan tana gabanka tana kashe maka ido, ka sani wanda ke bayanka ma haka take yi masa, ƙila bai gan ka ba sam. Ka kunna fitila, fara a gaba ja a baya, ko da gari ya waye. In kana ƙasar da ake tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris, kamar ƙasashen Turai da Amurka, safiyar da ta fara haske za ta sake komawa duhu na ɗan lokaci.

Direbobi ma sun yi watanni ba su ga masu keke da yawa ba, idonsu ya daina nemanku. Kai ma hannunka ya yi sanyi. Waiwaye ba tare da keke ya karkace ba, da sakin hannu ɗaya don nuna inda za ka juya, da tsayawa farat ɗaya, duk abubuwa ne da ke dushewa. Ka sami fili ko titin da ba motoci ka maimaita su na minti goma a ranar hutun nan. Ka bar tazarar mita guda tsakaninka da motocin da ke fake, saboda ƙofar da za a buɗe ba zato. Kuma kada ka taɓa kutsawa ta gefen babbar mota ko bas a mahaɗa, domin akwai wuraren da madubin direba ba ya kaiwa, idan ta karya kwana ƙafafunta na baya sukan yanko ciki. Hular kwanonka ma ka duba ta, idan ta taɓa buguwa da ƙarfi ko ta tsage, ta gama aiki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ka faɗa a tsakiyar wasiƙarka: da dare ka ce gobe, da safe ka tsinci kanka a tashar bas. Ka tambaya ko lalaci ne. A ganina a'a. Malalaci ba ya shekara biyu yana tuƙa kilomita 18 a rana. A waɗancan shekarun ba ka tashi kana shawara da zuciyarka ko za ka hau ko ba za ka hau ba, ka saba, ƙafarka ce ke kai ka wurin keken. Wata huɗun nan sun koya wa ƙafar wata hanya. Yanzu bas ce ba ta buƙatar tunani, keke kuwa sai an yi shawara, kuma shawarar tana faɗowa ne a mafi munin lokaci, da sanyin safiya, ido da sauran barci, lokaci yana ƙurewa. A wannan yanayi kowane ƙaramin cikas ƙuri'a ce ga bas. Ina makullin kwaɗon keken? Fitila ba caji. Safar hannu ɗaya ta ɓata. Keken kansa yana bayan kwalaye a ɗakin ajiya, sai an janye wannan an ɗaga wancan. Kafin ka gama, ka ji ƙarar bas a kunnenka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka mayar da shawarar gaba ɗaya zuwa dare, ka bar wa safiya aiwatarwa kawai. Ka tsayar da ranakunka, a ce Talata da Alhamis, su zama ba a tattauna su. Daren ranar ka duba hasashen yanayi, ka auna iskar taya, ka sa fitila a caji, ka shirya jaka, ka fitar da kayan da za ka sa, makulli da safar hannu a cikin hular kwano, keken kuma a inda za ka kama shi ka fita ba tare da ka matsar da komai ba. Sannan ka rubuta wa kanka tun yanzu dalilan da suka halatta maka bas: ƙanƙara a titi, iska mai ƙarfi, ruwa kamar da bakin ƙwarya, rashin lafiya. Duk abin da ba ya cikin jerin nan, irin su "yau ba na jin daɗi" ko "gari ya yi wani iri", ba dalili ba ne. Idan safiya ta zo da gardama duk da haka, ka yi wa kanka alkawarin zuwa ƙarshen layinku kawai, in ka ga ba za ka iya ba ka dawo. Da wuya wanda ya riga ya hau ya juyo. In kuma kana yankar katin bas na wata-wata, ka daina sabunta shi, domin wanda ya riga ya biya yakan ji kamar asara ce ya ƙi hawa.

Ka kuma yi haƙuri da lokacin da abin zai ɗauka. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Kwalejin Jami'a ta Landan ya bi mutanen da ke ƙoƙarin mayar da wani sabon aiki ɗabi'ar yau da kullum, aka ga a tsaka-tsaki sun ɗauki kwana 66 kafin abin ya zama ba sai sun yi tunani ba, wasu ƙasa da sati uku, wasu fiye da wata takwas. An kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan na biyun nake so ka riƙe, domin na lura da irin tunaninka: ko kullum ko ba komai. Shi ne ya mayar da sati biyunka wata huɗu. Ranar da ka fasa, ka fasa ke nan, ranar keke ta gaba tana nan a inda take.

Abokin aikinka mai dariya, ka bar shi ya dara, sannan ka ci moriyarsa. Mutumin da ya yi hunturu a kan hanya ya san inda kowane sabon rami yake, da inda ake aikin titi, da lungun da ke kauce wa cunkoso. Ka tambaye shi. Irin waɗannan mutane ba abin da suke so kamar a tambaye su. Idan hanyarku ɗaya ce, ku sa wurin haɗuwa rana ɗaya a sati, da sharaɗin a yi tafiya da saurinka, domin sanin cewa wani yana tsaye cikin sanyi yana jiranka ya fi agogon ƙararrawa tayar da mutum. Uwargida kuwa tana da gaskiyarta, keken da ba a hawa tarkace ne. Kada ka yi musu da ita, ka nemi ta ba ka sati shida, ka faɗa mata ranar da za su cika. Kafin nan ka kafa ƙugiya a bango ka riƙa rataye shi don ya daina tare mata hanya. Idan ranar ta zo keken yana nan da ƙurarsa, sai ku sake zama, kuma a lokacin ba zan hana ka sayarwa ba.

Akwai inda shawarata ta tsaya, likita ya karɓa. Haki a tudu bayan dogon hutu ba abin tsoro ba ne. Amma ciwo ko nauyi a ƙirji, ko ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, ko hakin da ba ya lafawa bayan ka tsaya ka huta, waɗannan ba a gwada juriya da su. Ka sauka daga keken ka nemi asibiti a ranar. Idan kana da hawan jini ko ciwon sukari, ko an taɓa samun ciwon zuciya da wuri a danginku, ka ga likita tun kafin ka fara. Tari da shaƙewar ƙirji da ke zuwa duk lokacin da ka yi tuƙi cikin iska mai sanyi ma abin faɗa masa ne, akwai maganinsa. Gwiwar kuma idan ta kumbura, ko tana ƙagewa, ko ta wuce sati biyu tana ciwo bayan ka gyara sirdi ka sauƙaƙa giya, a duba ta.

Idan Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, ba dole ne ka zama kamar abokin naka ba, ko da yake akwai tayoyi masu ƙusoshi da aka yi musamman don ƙanƙara in ka so gwadawa. Ya isa ka riƙa fita sau ɗaya a sati a ranar da titi ya bushe, ko da minti ashirin ne, don mazauni da gwiwa kada su manta. In kuma jinginewar ce ta zama dole, ka wanke gishirin, ka shanya keken ya bushe, ka sa wa cen mai, ka cire fitilu ka shigar da su ɗaki, ka riƙa ba tayoyin iska sau ɗaya a wata.